Kwalba a Cikin Tulu

Tururuwa ce ta fara sani.
Kafin malaman asibiti, kafin mu,
ita ta ja layi a bayan ɗaki
inda Baba ke tsugunnawa sau bakwai kafin asalatu.

Arzika mai mazarƙwaila ake ce masa
daga Kware har kasuwar Acida.
Shekara talatin yana matse rake a fadama,
sai ga jikinsa ya koma raken,
wani abu na matse shi cikin dare,
yana shan ruwa kamar rairayi,
wando na zame masa daga ƙugu.

Mutanen gari suka ce sana'arsa ce ta ci shi.
Sista Luba ta ce a'a,
da haka ne, da ba sauran mai rake a bakin Rima.
Ta miƙo mini lemo da allura,
ta ce soka. Na soka. Ta ce sake.
Ranar na koyi huda mahaifina.

Ba mu da firji. Wutar ma
turakunta ne suka iso, ita tana hanya.
Sai Inno ta sa ƙaramin tulu cikin babba,
ta cika tsakani da yashi, ta jiƙa.
Can kwalbar ke kwana
cikin sanyin da mu ba mu samu ba.
Da bazara, in rijiya ta ja baya,
tulu ke fara sha, sannan awaki, sannan mu.

Kati ya ce a dawo Talatar farkon wata.
Kati bai san gulbi ba.
Bai san mai kwalekwale sai ya ga dama ba,
bai san kuɗin kabu-kabu zuwa bakin titi ba,
balle na mota zuwa Sakkwato,
balle layi tun da safe da cikin da ba a sa wa komai ba
don gwaji ba ya shiri da karin kumallo.
Mu dawo da la'asar sakaliya,
buhun albasa guda ya koma kwalba da 'yar takarda.

Akwai na'urar gwaji, ƙanensa ya aiko daga Fatakwal.
Tana cikin kwalla, naɗe da tsumma, lafiyarta lau.
Tsinkayenta ne suka ƙare tun kaka.
Yanzu ni ce na'urar.
In dubi leɓe, in dubi gumin goshi,
in hannu ya soma rawa,
ya kira ni da sunan yayata da ta rasu,
sai in ruga in ɓallo masa mazarƙwaila.
Ita ɗin dai da aka hana shi
ita ke dawo mini da shi.

An ce za a turo ma'aikaci ɗakin shan maganinmu duk Laraba.
An shafa fenti. Jemagu sun gode.

Jiya na ɗaga kwalbar ga haske, ta ƙi ƙarewa.
Kwana talatin da takwas, kuma da saura.
Na ce Baba, ranakun da nake zuwa kasuwa,
nawa kake ja?
Ya dubi danga.
Ya ce, Tumba, rabi ma allura ce,
da babu gara ba daɗi.

Da dare ina wanke masa ƙafa, tocila a bakina,
na tarar da ƙayar aduwa a diddigensa,
ta nutse fiye da rabi.
Na ce tun yaushe?
Ya ce, mene ne?

Talata saura kwana huɗu.
Gulbi bai sauka ba.
Inno ta ɗaure jar akuya kusa da ƙofa,
ba ta ce komai ba, akuyar ma haka.
Na ɗebi ruwa na zuba wa yashin tulu,
Baba daga ɗaki yana tambaya
ko wani ya leƙa masa raken fadama.